Tambaya da Amsa: Ƙamshi Ba Ya Bin Waya, To Yaya Zan Sayar da Turarena?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga mutanen da suka iya wani aikin hannu, suke jin daɗin yin sa, suke kuma son wayar da ke hannunsu ta zame musu shago. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Damaturu. Tun ina yarinya na koyi haɗa turaren wuta da humra a wurin kakata, kuma har yau babu aikin da nake jin daɗinsa kamar wannan. Duk bikin da za a yi a danginmu ni ake kawo wa aikin turaren amarya, amma ban taɓa karɓar ladan aiki ba, sai dai a sayo kayan haɗi a kawo mini. Yanzu albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, ƙawayena kuma suna ta ce mini in buɗe shafi a Instagram. Zan ɗauki adashe wata mai zuwa. Ta ina zan fara, kuma yaya mutum zai sayi turaren da bai shaƙi ƙamshinsa ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Shawarar ƙawayenki ba ta da laifi, sai dai sun fara ne daga inda ya kamata a ƙare. Buɗe shafi ba ya cin ko rabin sa'a, kuma kowa yana iya yi. Abin da ya kamata ya riga shi shi ne lissafi, domin shekarun da kika yi kina haɗa wa dangi turare sun koya miki ƙwarewa, amma ba su koya miki nawa kwalba ɗaya take ci ba, tunda wani ne yake sayo kayan, wahalarki kuma kyauta kike bayarwa.

Saboda haka kafin ki taɓa kuɗin adashen nan, ki yi haɗi ɗaya na gwaji da littafi da biro a gefenki. Ki rubuta kuɗin itatuwa, ko gabgab ne ko hawi ko sandal, da kajiji, da farce, da miski, da madarar turare, da sukarin da za a narka. Ki rubuta gawayi ko gas, da kwalabe, da sitikar da za a manna, da kuɗin motar zuwa kasuwa, da datar da za ki ƙona wajen amsa saƙonni. Daga nan sai ki yanka wa kanki ladan aiki kamar yadda za ki biya wata idan ita kika sa ta wanke farce, ta tsaya a kan wuta tana juyawa. Wannan layi na ƙarshe shi ne mafi yawan masu fara sana'a daga sha'awa suke tsallakewa, saboda suna jin kunyar kiran abin da suke so da sunan aiki, kuma shi ya sa bayan watanni sai su tarar suna ta ciniki amma babu abin da ya ƙaru.

Ga misali, kuma alƙaluman nan na misali ne kawai, ki sa naki na gaskiya a gurbinsu. A ce kayan haɗi sun ci naira 30,000, kwalabe da sitika 6,000, wuta da mota da data 4,000, ladan aikinki 8,000. Jimilla 48,000 ke nan. Idan haɗin ya ba da kwalba 20, kada ki raba da 20, domin aƙalla biyu za su tafi a ɗanɗano da kyauta da fashewa a hanya. Ki raba da 18, sai ki ga kowace kwalba ta tsaya miki a kan kusan naira 2,670. Duk abin da kika sayar ƙasa da haka daga aljihunki kike cikawa. Idan kika sa 3,500, ribarki a haɗin gaba ɗaya 15,000 ce, bayan kin riga kin biya kanki lada.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi sana'arki kai tsaye. Yawancin madarar turare da miski daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga kuɗin mota da ya tashi bayan cire tallafin mai. Masu ƙananan sana'o'i da yawa sun karye a lokacin ba don rashin ciniki ba, sai don sun sayar da kaya a kan farashin da suka saro, da suka koma kasuwa kuɗin bai isa ya sayo ko kashi biyu cikin uku na abin da suka sayar ba. Don haka farashinki ya riƙa bin abin da za ki kashe a sari na gaba, ba abin da kika kashe a na baya ba, kuma kafin kowane sabon haɗi ki kira mai shagon da kike sari a wurinsa ki ji yadda kasuwa take.

Ki buɗe wa sana'ar asusu nata daban, ko a banki ko a irin su Opay da Moniepoint, wanda albashinki ba ya shiga, cefane kuma ba ya fita daga cikinsa. Batun dangi kuwa, wanda na san shi ne zai fi yi miki nauyi, ki warware shi tun ranar farko da bakinki, cikin girmamawa: ki gaya wa iyaye da yayye cewa abin ya zama sana'a, ki yi musu rangwame idan kina so, ki ware abin da za ki bayar kyauta a wata saboda zumunci, ki rubuta shi a littafi a matsayin kyauta. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne bashi marar ranar biya, domin jarin adashe ba ya ɗaukar "zan turo miki anjima" guda biyar.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce ainihin matsalar. Mai sayar da atamfa hoto ya ishe ta, amma ke hoton kwalba ba ya gaya wa kowa komai, kuma shafukan masu turaren wuta sun yi yawa har hotunansu sun zama iri ɗaya. Amsar ita ce baƙo ba shi ne mai sayenki na farko ba. Masu sayenki na farko su ne matan da suka riga suka shaƙi turarenki a ɗakunan amaren da kika yi wa aiki, da malaman da kuke koyarwa tare, da maƙwabta, kuma waɗannan duk suna cikin lambobin wayarki. Shi ya sa na fi son ki fara da WhatsApp kafin Instagram. Ki sauke manhajar WhatsApp Business, wadda kyauta ce, ki jera kayanki da hoto da farashi a wurin da aka tanada don haka, ki riƙa sa sabon haɗi a sitatus, wanda yake ɓacewa bayan sa'o'i 24. A da matan da ba sa fita dillaliya da 'yar talla suke kai musu kaya gida-gida, kuma abin da yake sa a saya shi ne an san gidan da kayan suka fito. Sitatus ɗin nan aikin da yake yi ke nan, kuma sanin gidan har yanzu shi ne jarin.

Ga wadda ba ta san ki ba kuwa, ki tanadi ƙananan kwalabe na gwaji, masu araha, waɗanda za ta iya saye uku ko huɗu a kan kuɗin da ba zai dame ta ba idan ƙamshin bai yi mata ba. Ki kuma saka ɗan ƙullin wani haɗin daban a cikin kowane kaya da kika aika, domin wannan ɗan ƙullin ya fi kowace talla da za ki biya kuɗi a yi miki. Wajen bayani, ki guji kalmomin da kowa yake faɗi, irin su "ƙamshi na musamman" da "sai wanda ya gwada". Ki faɗi abin da zai amfani mai saye: wannan na ɗaki ne, wannan na kaya, wannan na tsuguno, wannan mai sanyi ne, wannan mai ƙarfi ne wanda yake kama labule, wannan sandal ya fi yawa a cikinsa. Kada ki yi alƙawarin abin da turare ba ya yi. Mun ga shafukan da suke jingina wa humra mallakar miji da maganin kishiya, suna kuma samun mabiya, amma irin wannan ciniki ba ya daɗewa, kuma bai dace da malamar makaranta ba.

Abin da zai sa wadda ta saya ta dawo shi ne ta samu a karo na biyu daidai abin da ta samu a karo na farko. Kakarki da ido da hannu take awo, kuma wannan ya isa idan haɗin na gida ne, amma mai ciniki tana bukatar ƙaramin sikeli da takardar da ta rubuta awon kowane haɗi. Ki tsaya a kan kala biyu ko uku da kika fi ƙwarewa a kansu, ki ba kowanne suna, kada ki canza madarar turare ki bar sunan yadda yake. Kin kuma fi ni sanin cewa turare da humra sai sun kwana biyu a rufe sun tsumu kafin ƙamshinsu ya zauna, don haka ki yi haɗin Sallah da na lokutan biki tun da wuri, kada yawan oda ya sa ki fitar da ɗanyen kaya.

Sauran abubuwan na kiyayewa ne. Kada ki saki kaya saboda an turo miki hoton rasit ko saƙon alat, domin ana ƙirƙirar duka biyun. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun shiga. Idan za ki aika kaya Kano ko Abuja ta tasha, ki naɗe bakin kwalbar humra da salatif, ki sa ta a leda, ki cusa takardu a kwalin, ki karɓi lambar direba da ta motarsa ki tura wa mai kayan, kuma ku yi magana tun farko a kan wanda zai biya kuɗin mota da wanda zai ɗauki asara idan kwalba ta fashe. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kada ki taɓa karanta wa kowa lambobi shida da aka turo miki ta saƙo, ko da ya ce daga ƙungiyar malamai yake, domin da su ake ƙwace lamba a riƙa karɓar kuɗi da sunanki. Sannan ki rubuta sunayen masu sayenki da lambobinsu a littafi. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan sa'o'i shida, gwamnatin Najeriya kuma ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Shafi na kamfani ne, littafin kuwa naki ne. Koyarwarki kuma ki riƙe ta, ki sa wa masu saye lokacin da kike amsa saƙo, bayan an tashi daga makaranta.

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Zariya, ina ɗinkin hula da hannu tun ina sakandare. Na sa hotunan aikina a Facebook, sai ga mutane suna neman in yi musu, har da wani da yake zaune a Ingila. Matsalata ita ce hula ɗaya tana ɗaukar ni makonni, ba ni da kuɗin sayen zare da yawa, kuma ina tsoron karɓar kuɗin mutum kafin in gama aiki. Wani lokaci ma ina jin idan abin ya zama dole zan daina jin daɗinsa.

AMSA

Ɗan'uwa, tsoronka na karɓar kuɗin mutane alama ce mai kyau, amma kada ya hana ka abin da ya halatta. Biyan kuɗi kafin a karɓi kaya ciniki ne sananne a shari'a, kuma sharaɗin da hadisin Bukhari da Muslim ya gindaya a kan irin wannan ciniki, wanda ake kira salam, shi ne a san awo, a san nauyi, a kuma san lokacin da za a kawo. Malaman fiƙihu sun kuma yi bayanin cinikin da ake ba mai sana'a aikin ƙera abu ko ɗinka shi. Abin da za ka ɗauka daga nan a aikace shi ne ka rubuta komai a saƙo kafin ka karɓi kafin alƙalami: irin hular, ko Zanna Bukar ce ko damanga ko tangaran, launin zare, tsawonta, lambar kai, farashi, da ranar gamawa. Ka karɓi abin da zai sayi zare da yadi ya kuma rage wani abu, rabi misali, sauran a biya idan ka tura hoton hular a gama kafin ka aika. Kuɗin da ka karɓa na wannan hular ne, kada ka sayi zaren wata da shi, domin daga nan ne masu sana'a suke fara juya kuɗin wannan su rufe na wancan har sunansu ya ɓaci.

Lambar kai ita ce za ta fi jawo maka rigima, tunda mai saye ba ya nan balle ya gwada. Kada ka yarda da "ina jin 22 nake sawa". Ka sa shi ya zagaya kansa da tef ɗin tela, ya turo maka hoton awon, ka kuma tambaye shi ko yana tara suma. Hotunanka ka ɗauke su da hasken rana, kusa sosai yadda ɗinkin zai fito, har da cikin hular, domin abin da ya raba aikinka da hular inji mai araha a nan yake, kuma mai neman aikin hannu shi yake dubawa. Idan wata rana ka fara saro na inji kana haɗawa da naka, ka faɗa a fili wacce ce wacce.

Shi kuma na Ingila, ka je ofishin EMS na hukumar gidan waya ko kamfani irin DHL ka ji kuɗin aikawa kafin ka yanka masa farashi, domin yana iya zama babban kaso na kuɗin hular. Hanya mafi sauƙi ita ce ya haɗa oda da abokansa a aika tare, ko ya nuna maka ɗan'uwansa a nan gida wanda zai biya ka da naira ya karɓi kayan. Ka yi hattara da duk wanda ya ce ya turo kuɗi fiye da kima bisa kuskure, ka mayar masa da ragowar. Tsohuwar damfara ce.

Batun daina jin daɗin aikin kuwa gaskiya ne, yana faruwa, kuma sababinsa kusan kullum ɗaya ne: karɓar aikin da ya fi ƙarfin hannu a kan farashin da bai kai wahalar ba. Ka lissafa hula nawa kake iya gamawa a zangon karatu ba tare da ka taɓa lokacin darasi ba, ka tsaya a nan, wanda ya zo daga baya ka gaya masa watan da za ka iya fara tasa. Idan layi ya yi tsawo, farashi za ka ƙara, ba sa'o'in barcinka za ka rage ba. Ka kuma bar wa kanka hula ɗaya a kowane lokaci wadda ba ta kowa ba ce, wadda kake gwada sabon zane a kanta yadda ka ga dama. Sau da yawa ita ce za ta zama abin da za a riƙa nema a shekara mai zuwa.

TAMBAYA

Ina yin dambun nama da yaji a gida a Kaduna, ina sayarwa ta Instagram, kuma ciniki ya fara kankama. Wani kanti ya ce zai karɓi kayana idan ina da rajista. Shin dole ne in yi, kuma wacce zan fara?

AMSA

Hajiya, rajista biyu ce, kuma aikinsu daban. Ta farko ita ce ta sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda yake kasuwanci da ainihin sunansa ba tare da ƙari ba, ba dole ne ya yi rajista ba, amma wanda ya laƙaba wa sana'arsa wani suna, kamar yadda kusan kowa yake yi a Instagram, ana bukatar ya yi cikin kwanaki 28 da farawa. Ana yin ta a shafin hukumar na intanet da lambar NIN, kuma rajistar sunan kasuwanci ta ishe ki a yanzu, ba sai kin kafa kamfani ba. Amfaninta na kusa shi ne ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar, abin da yake kwantar da hankalin wanda zai tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba. Ki sani ana sabunta bayanai a hukumar duk shekara, kuma wannan rajistar ba ita ce ta mallakar tambari ba, waccan a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ake yin ta.

Ta biyu ita ce ta NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna da kayan shafe-shafe, kuma ita ce mai kantin yake nufi, domin abincin da aka ƙulle a roba ko leda aka jera a kanti lambarta ake nema a jikinsa. Ita ma Malamar Damaturu wannan ya shafe ta ranar da humrarta za ta shiga kanti, tunda a jiki ake shafa ta. Ta CAC ake fara yi, saboda NAFDAC za ta nemi takardarta. Jami'an hukumar suna zuwa duba wurin da ake aikin, suna kuma gwada kayan, don haka ki ware wuri mai tsafta wanda ba a haɗa shi da girkin gida, ki je ofishinsu na Kaduna da kanki ki nemi sharuɗɗan da suka tanadar wa masu ƙananan sana'o'i, kada ki bi ta hannun ɗan tsakiyar da zai ce zai samo miki lamba ba tare da an zo dubawa ba.

Kafin takardu su fito akwai abin da za ki fara yau. Ki riƙa manna wa kowace roba ranar da aka yi, da abubuwan da ke ciki, da lambar wayarki. Ki ajiye roba ɗaya daga kowane suyi a ɗaki, ki riƙa dubawa, domin ki san da idonki kwana nawa dambunki yake yi a lokacin zafi da kuma lokacin damina kafin ya canza. Ragowar danshi shi ne yake lalata shi, don haka ya soyu ya bushe, ya kuma huce sarai kafin a rufe. Idan kina sa ƙuli-ƙuli a yaji, ki rubuta cewa akwai gyaɗa a ciki saboda masu rashin lafiyar da ba ta jituwa da ita, ki kuma tsince duk gyaɗar da ta yi funfuna, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta wadda suya ba ta kashe ta. Shi kuma mai kantin, ki tambaye shi tun yanzu ko kuɗi hannu zai biya ko sai an sayar, da kuma wanda zai ɗauki kayan da suka kwana, sannan ki sa amsarsa a lissafinki kafin ki yanka masa farashin sari.